Reinhard da Yang: Sarakunan Yaƙi Biyu a Tsakanin Taurari

Ginga Eiyu Densetsu, wato Labarin Jaruman Taurari, fim ɗin katun ne na ƙasar Jafan da aka ciro daga littattafai 10 na Yoshiki Tanaka, waɗanda suka fito tsakanin 1982 da 1987. Noboru Ishiguro ne ya ja ragamar aikin, aka fitar da shi kashi 110 daga 1988 zuwa 1997.

Dauloli biyu ne suka shekara 150 suna gwabzawa a sararin samaniya: daular Goldenbaum mai sarautar gado, da ƙawancen duniyoyi masu zaɓen shugabanninsu. Reinhard von Lohengramm ɗan gidan sarauta ne da ya talauce. Sarki ya ɗauke yayarsa Annerose ya mai da ita ƙwarƙwara, shi kuwa ya shiga soja da ƙudurin tumɓuke gidan Goldenbaum kacokan. Yang Wen-li na ɓangaren ƙawance tarihi ya so karantawa, rashin kuɗin makaranta ya jefa shi aikin soja. Ba abin da yake buri irin ya yi ritaya ya zauna da shayinsa.

A yaƙin Astarte, Reinhard ya tunkari jirage 40,000 na ƙawance da jirage 20,000, ya bi rundunonin ɗaya bayan ɗaya kafin su haɗu. Yang ne ya tsirar da ragowar. Daga baya ya ƙwace sansanin Iserlohn da dabara, wurin da ya gagari manyansa sau shida.

Zuciyar labarin tana yaƙin Vermillion. Yang ya ritsa Reinhard, saura ƙiris ya gama da shi, sai umarnin tsagaita wuta ya iso daga gwamnatinsa, gwamnatin da shi kansa ya san ta ruɓe. Ya bi umarnin, domin a ganinsa ranar da soja ya ɗora ra'ayinsa bisa na zaɓaɓɓu, abin da yake karewa ya riga ya mutu. Fim ɗin bai yanke wa mai kallo hukunci tsakanin adalin sarki da gurɓatacciyar dimokuraɗiyya ba, kuma nan ne ya fi takwarorinsa.

Wanda ya saba jin lunsi, makaɗan Dagomba, suna zayyana sarakunan Dagbon zai gane salon nan take: mai ba da labari yana bin kowane yaƙi kamar tarihin da ya daɗe da wucewa. Sai dai fim ɗin yana son haƙuri, don mahawara ta fi harbi yawa.

Tsakanin Reinhard da Yang, babu wanda ya faɗi a hannun ɗan'uwansa. 'Yan wata ƙungiyar asiri ne suka kashe Yang a kashi na 82, Reinhard kuma ciwo ya ɗauke shi yana ɗan shekara 25.