Ko ka sani? Kwamfutar da aikinta nuna hanya

Ko ka san akwai kwamfutar da ba ta da wani aiki sai nuna hanya? Ɗalibin Karaye ko Rogo da ke haɗa kundin kammala karatu da wayarsa, saboda ɗakin karatun Jami'ar Bayero ya yi masa nisa, ya san wannan takaici: ya danna adireshin littafin da malami ya turo, sai shafi ya buɗe fari fat, da lamba 404. Littafin kuwa yana nan kan kanta. Ɗakin karatun ne ya sauya manhaja, adireshin ya mutu.

A 1995 ƙungiyar OCLC ta jihar Ohio a Amurka ta fito da dabarar da ake kira PURL. Maimakon a ba mai karatu adireshin inda bayanin littafi yake a yau, sai a ba shi na dindindin. Kwamfutar tana riƙe da jadawali mai gida biyu, lambar littafi a ɗaya, mazauninsa na yanzu a ɗayan. Kana dannawa za ta duba, ta miƙa ka cikin ƙiftawar ido. Kamar lambar waya ce: ko mutum ya tashi daga Rogo ya koma Kurna, in ka kira shi za ka samu.

Ɗakin karatun Majalisar Dokokin Amurka ya soma irin wannan a 2008. Ana rubuta lccn.loc.gov, a bi shi da lambar littafin, lambar da suke bayarwa tun 1898, kuma da shekara take farawa. Muƙalun mujallun ilimi kuma suna da tasu lambar ta dindindin mai suna DOI, wadda kullum da 10 take somawa.

Sai dai kwamfutar ba ta sanin an yi ƙaura. Dole ma'aikaci ya zauna ya gyara jadawalin, in ba haka ba ta tura ka kango.

Abin da ya fi damuna shi ne namu littattafan. Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke ba da lambar ISBN a Najeriya, amma littattafan soyayya da yawa da aka buga a Kano tun shekarun 1980 sun shiga kasuwa ba lamba, wasu ko shekarar bugu babu a jikinsu. Wanda ba a shigar da shi kundin wani ɗakin karatu ba, babu abin da kwamfutar za ta nuna. Duk mai tsofaffin kwafi a adaka, ya kai su inda za a yi musu rajista kafin gara ta riga shi.