Gwajin Yoyo a Ƙwayoyin Awo na Nukiliya

Kamar yadda mai sikeli yake ajiye dutsen awo wanda aka tabbatar da nauyinsa, haka masanin kimiyyar nukiliya yake ajiye wata 'yar ƙwaya wadda aka san ƙarfin hasken da take fitarwa, domin da ita yake daidaita na'urorinsa. Akan zuba ɗan burbushin sinadari, alal misali siziyom-137 ko kobalt-60, a cikin kwanson ƙarfe ko na roba, a liƙe shi ruf, yadda haske zai ratsa ya fito amma sinadarin ya zauna a ciki. To, sai dai sinadarin yakan fi kwansonsa tsawon rai. Ƙarfin siziyom-137 ba ya raguwa da rabi sai bayan kimanin shekara 30, na amerisiyom-241 kuwa sai bayan shekara 432, alhali tsatsa da faɗuwa da zafi suna cin kwanson kullum.

Hanyar gwajin ba ta da wuya. Akan jiƙa auduga da sifirit, a riƙe ta da hantsaki, a goge jikin ƙwayar, musamman wajen walda. Daga nan sai a kai audugar ga na'urar ƙirga, nesa da ita ƙwayar, a kwatanta abin da ta nuna da na audugar da ba ta taɓa komai ba. A dokar Amurka, idan aka sami bekerel 185 ko fiye, watau ƙwayoyin zarra 185 suna fashewa a kowace daƙiƙa, ƙwayar ta yi yoyo ke nan, sai a janye ta daga aiki. Galibi duk wata shida akan maimaita.

Ƙwayoyin da ke fitar da hasken alfa sun fi buƙatar hattara. Takarda guda tana iya tare wannan haske, saboda haka murfin da ake yi musu siriri ne ƙwarai, har gugar ita kanta tana iya fasa shi. Don haka ba a taɓa fuskarsu. Gefensu da akwatin ajiyarsu ake gogewa.

Bekerel 185 abu ne kaɗan, in aka tuna cewa jikin baligi yana ɗauke da kimanin bekerel 4,000 na fotasiyom-40 ba tare da ya ji komai ba. Amma abin da doka ta ƙyale saboda lafiyar ma'aikaci yana iya lalata bincike gaba ɗaya. A Sadbari ta ƙasar Kanada, daga 1999 zuwa 2006, an yi farautar ƙwayoyin nutirino masu zuwa daga rana, a cikin rami mai zurfin kilomita 2, da tan 1,000 na ruwa mai nauyi, wanda kuma aronsa aka yi. Nutirinon da ake kamawa a yini 'yan ƙalilan ne, kuma dole a riƙa zura ƙwayoyin awo cikin wannan ruwa. Da burbushi zai zube a ciki, da haskensa ya rufe abin da ake nema. A irin wannan bincike guga kaɗai ba ta isa ba. Akan ninka kwanson, a tsoma ƙwayar cikin ruwa mai tsabta ta daɗe, sannan a auna ruwan kafin a bari ta kusanci na'urar.