Green Bay Packers: Ƙungiyar da Magoya Bayanta Suka Mallaka

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

 Yau tafiyar tamu mai nisa ce. Za mu je arewacin Amurka, jihar Wiskonsin, wani gari mai suna Green Bay. Mutanen garin kaf ba su wuce 107,000 da 'yan kai ba, amma filin wasansu yana cin mutum sama da 81,000, kuma tun shekarar 1960 tikitin kakar wasa yake ƙarewa ƙarƙaf kafin a soma. Ƙungiyar da ke wasa a wannan fili ita ce Green Bay Packers, kuma ba ta da attajiri guda da za a nuna a ce shi ne mai ita. Magoya bayanta ne suka mallake ta. Ku gyara zama ku sha labari.

(KIƊA, A RAGE SAUTI)

Bari mu fara da wasan kansa, domin ƙwallon Amurka ba irin tamaular da muka saba gani ba ce. Ta fi kusa da zari-ruga. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, sanye da hular kwano da sulken kafaɗa, ƙwallon kuma doguwa ce mai tsini biyu kamar gwanda, akasari da hannu ake ɗaukarta ko a jefa ta. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci gaba da yadi goma. In sun ci a ba su wasu huɗun, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya tsallaka layin ƙarshe da ƙwallo ya samo maki shida, wanda ya buga ta da ƙafa ta bi tsakanin sanduna ya samo uku. Madugun masu kai hari shi ne mai jefa ƙwallo, wanda suke kira kwatabak. Babbar gasar ƙasar ita ce NFL, mai ƙungiyoyi 32, ana fara ta a watan Satumba a rufe da wasan ƙarshe na Super Bowl a watan Fabrairu.

To, ta yaya ƙaramin gari ya samu gurbi a tsakiyar manyan birane irin su Niyok da Shikago da Los Anjalas?

A watan Agustan 1919 wani saurayi ɗan garin, Curly Lambeau, da wani ɗan jarida, George Calhoun, suka haɗa ƙungiyar. Kamfanin gwangwanin nama da Lambeau ke yi wa aiki ya ba da dala 500 aka sayi riguna da kayan wasa. A 1921 suka shiga gasar ƙwararru, sai bashi ya taso su gaba. A 1923 'yan kasuwar garin suka yi shawarar da ta sauya komai: aka mayar da ƙungiyar kamfanin jama'a wanda ba don riba aka kafa shi ba, aka sayar wa mutanen gari hannun jari a kan dala biyar-biyar.

Daga nan duk lokacin da ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada, mutanen gari ake komawa. Wani ɗan kallo ya taɓa faɗowa daga kan benci a filin wasa, ya kai ƙara ya yi nasara, kamfanin inshorar da zai biya kuma ya karye, har kotu ta naɗa mai kula da dukiyar ƙungiyar. A 1935 jama'a suka sake sayen hannun jari suka fitar da ita. A 1950, bayan Lambeau ya bar ƙungiyar kuma asusu ya bushe, aka sake sayarwa a kan dala 25, aka tara sama da dala 100,000. Sayarwar 1997, a kan dala 200, ta kawo sama da dala miliyan 24. A 2011 aka sayar a kan dala 250, a 2021 kuma a kan dala 300, inda aka tara sama da dala miliyan 65 don gyaran filin wasa. Sau shida ke nan a tarihi, kuma yau masu hannun jari sun haura 500,000, wato sun ninka mutanen garin kusan sau biyar.

Mai sauraro, ga inda abin yake da ban mamaki. Wannan hannun jari ba ya kawo riba ko ta sisin kwabo. Ba a kai shi kasuwa a sayar, sai dai a bar wa 'ya'ya ko a ba wani na cikin iyali. Ba ya ba mutum tikitin shiga kallo. Abin da yake bayarwa shi ne takardar shaida da ake ratayewa a bangon falo, da ƙuri'ar zaɓen hukumar daraktoci, da damar halartar taron shekara-shekara da ake yi a watan Yuli a cikin filin wasa, inda shugabanni ke tsayawa gaban dubban mutane su yi bayanin kuɗin da ya shigo da wanda ya fita. An kuma hana kowa mallakar fiye da hannun jari 200,000, don kada wani mai kuɗi ya wayi gari ya ce ƙungiyar tasa ce.

(KIƊA)

Akwai masu cewa wannan ai takarda ce kawai mai tsada, tunda mai ita ba ya zaɓen koci, ba ya sayen ɗan wasa. Gaskiya ne ba ya yi. Amma a tambayi mutanen Baltimore, waɗanda a watan Maris na 1984 suka kwana da ƙungiyarsu ta Colts, suka tashi aka ce manyan motoci sun kwashe kayanta cikin dare zuwa Indianapolis. A tambayi mutanen St. Louis da Rams ta bari a 2016, da na San Diego da Chargers ta bari a 2017, da na Oakland da Raiders ta bari ta koma Las Vegas a 2020. A kowane ɗayan waɗannan garuruwa, mai ƙungiya ne ya hango inda kuɗi ya fi yawa ya tattara ya tafi, ya bar mutanen da suka yi shekaru suna sayen tikiti da riguna riƙe da baki. Wannan ne abin da ɗan Green Bay ya saya da dalarsa 300: kwanciyar hankalin cewa ba wanda zai ɗauke masa ƙungiya. Ko da za a sayar da ita, ƙa'idar kamfanin ta ce kuɗin ba zai shiga aljihun kowa ba, gidauniyar taimakon jama'a zai tafi. Don haka babu wanda sayarwar za ta amfana, babu kuma mai kwaɗayin yin ta. Dokokin NFL na yanzu sun hana irin wannan mallaka, Packers kaɗai aka bari saboda ta riga dokar zuwa.

Ƙauna kaɗai dai ba ta biyan albashin 'yan wasa. Abin da ya tallafi ƙaramin garin shi ne tsarin gasar: kuɗin da gidajen talabijin ke biya ana raba shi daidai wa daida tsakanin ƙungiyoyi 32, kuma akwai iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, wanda a kakar 2025 ya kama dala miliyan 279 da 'yan kai. A rahoton da Packers ta fitar a 2025, kasonta daga asusun gasar ya haura dala miliyan 430. Ita kaɗai ce ke buɗe littafin kuɗinta a bainar jama'a, shi ya sa 'yan jarida ke jiran rahotonta kowace shekara don su san abin da sauran 31 ke samu. Mutanen yankin ma sun sa nasu: a shekarar 2000 suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da ƙarin harajin saye da sayarwa don a gyara filin, aikin da aka kammala a 2003.

(SAUTIN 'YAN KALLO)

Filin nan an buɗe shi a 1957, aka sa masa sunan Lambeau a 1965 bayan mutuwarsa. Jerin masu jiran tikitin kakar wasa ya haura mutum 140,000, jira ne na shekaru masu yawa, har iyaye kan rubuta sunan jariri tun yana zanin goyo. Idan dusar ƙanƙara ta rufe kujeru kafin wasa, ƙungiya kan yi shela, mutane su fito da sassafe su kama shebur su kwashe, a biya su ɗan abin da ya samu. A lokacin atisayen bazara, yara kan jeru da kekunansu a ƙofar ɗakin sauya kaya. Ɗan wasa ya zaɓi keke ɗaya ya hau zuwa filin atisaye, yaron na biye da shi riƙe da hular kwanonsa. Tun watan Disambar 1993, lokacin da LeRoy Butler ya ci maki ya daka tsalle cikin 'yan kallo, ya zama al'ada duk wanda ya ci ya faɗa hannun jama'a su rungume shi. Da yawansu kuma suna zuwa da hular soso mai siffar yankan cuku a ka, domin Wiskonsin ce kan gaba wajen yin cuku a Amurka.

Ba kuma a banza suke wannan hidima ba. Packers ta ɗauki kambin gasar sau 13, fiye da kowace ƙungiya. Koci Vince Lombardi ya ci biyar cikin shekara bakwai, har da Super Bowl na farko da na biyu, kuma kofin da ake bayarwa yau sunansa yake ɗauke da shi. A ranar 31 ga Disambar 1967 suka kara da Dallas Cowboys cikin sanyin da ya kai digiri 25 ƙasa da sifili, 'yan kallo sama da 50,000 suka zauna a ciki, har kwatabak ɗinsu Bart Starr ya kutsa da ƙwallo saura daƙiƙoƙi a tashi, Packers ta ci 21 da 17. Sun sake ɗaukar kofin a Janairun 1997 da kwatabak Brett Favre, sannan a Fabrairun 2011 da kwatabak Aaron Rodgers, lokacin da suka doke Pittsburgh Steelers 31 da 25.

Mu ma muna da namu a wannan tarihi. Samkon Gado, haifaffen Kufai a arewacin Najeriya, ya shigo ƙungiyar a 2005 ba a san shi ba, bayan raunuka sun kwantar da waɗanda ke gabansa. A watan Disamba na shekarar ya yi gudun yadi 171 da ƙwallo a wasa guda da Detroit Lions, garin ya ɗauka da sunansa. Da ya ajiye wasa ya koma makaranta ya zama likita.

(KIƊA)

Yanzu sai labaran baya-bayan nan da ke bakin magoya baya. A watan Afrilun 2023 Aaron Rodgers, wanda ya zama gwarzon gasar sau huɗu, ya koma New York Jets, ragama ta koma hannun Jordan Love, wanda aka ɗauko tun 2020 ya yi shekara uku yana jira a benci. Jama'a sun yi ta ɗar-ɗar, sai ga shi a Janairun 2024 ya je har gidan Cowboys ya fitar da su daga gasa da ci 48 da 32. A watan Yuli na shekarar aka ba shi kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 220, a watan Satumba kuma ƙungiyar ta buɗe kaka a birnin Sao Paulo na Brazil, inda Philadelphia Eagles ta doke ta 34 da 29.

Shekarar 2025 ta zo da manyan abubuwa uku. A watan Afrilu Green Bay ta karɓi baƙuncin bikin zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, inda aka ƙiyasta mahalarta 600,000 cikin kwana uku. Da aka sanar cewa Packers ta ɗauki Matthew Golden na jami'ar Texas, wurin ya kaure da sowa, domin rabon da ta ɗauki mai cafe ƙwallo a zagayen farko tun 2002, kuma magoya baya sun daɗe suna wannan ƙorafi. A watan Yuli shugaban ƙungiyar, Mark Murphy, ya cika shekara 70, ya sauka kamar yadda ƙa'ida ta tanada, Ed Policy ya gaje shi ba tare da hayaniya ba. Sai a ƙarshen Agusta aka ji labarin da ya girgiza gasar: Packers ta karɓo Micah Parsons, ɗaya daga cikin fitattun masu farautar kwatabak, daga Cowboys, ta ba da Kenny Clark da zaɓin zagayen farko na 2026 da 2027, ta kuma rattaba masa kwantiragin dala miliyan 188. Ra'ayi ya rabu. Wasu na ganin an jinginar da gobe saboda yau, wasu na cewa shekara goma sha huɗu ba kofi ta isa, dole a taɓuka. Wata guda bayan haka ƙungiyoyin biyu suka haɗu a Dallas, aka tashi kunnen doki, 40 da 40.

Irin wannan muhawara ana yin ta a kowace ƙungiya. Bambancin a Green Bay shi ne, wanda ya yanke shawarar zai tsaya a watan Yuli gaban mutanen da suka mallaki ƙungiyar ya yi musu bayani ido da ido. Koci Matt LaFleur, wanda ke riƙe da ƙungiyar tun 2019, da babban manaja Brian Gutekunst sun san cewa masu tafi da masu ihu a filin nan su ne iyayen gidansu.

Masu sauraro, 'yan wasa suna zuwa suna tafiya, shugabanni ma haka. Abin da ya riƙe Packers fiye da shekara ɗari a ƙaramin gari mai tsananin sanyi shi ne mutanen da suka yarda su sa kuɗinsu a inda suka san ba riba za su ɗauka ba, da shugabancin da ke buɗe musu littafi kowace shekara. Duk ƙungiyar da ke son magoya baya su riƙe ta da amana, sai ita ma ta riƙe su da amana.

A nan muka kawo ƙarshen shirin namu na yau.  Sai wani makon idan Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)