Masu wasan mota a Kano fili suke buƙata

A shekarar 2023 wani yaro ɗan shekara 16, Ugo Ugochukwu, ya lashe gasar tseren motoci ta Euro 4, wadda aka yi a filayen tsere na Mugello da Monza a Italiya da kuma Basalona a Sifaniya. A Amurka aka haife shi, amma mahaifiyarsa, Oluchi Onweagba, 'yar Najeriya ce. A shekarar dai ya zo na biyu a gasar Formula 4 ta Italiya. Duk wanda ya taɓa ganin yadda samarin Kano ke murza mota ranar ɗaurin aure, taya na kuka, hayaƙi na tashi, zai ce ai mu ma muna da irinsa. Zuciyar kam akwai ta. Abin da babu shi ne fili da doka, da kakar wasa da ake tara maki a cikinta sannu a hankali.

Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta fara gasar Formula 4 a 2014 domin yara daga shekara 15. Motar kujera ɗaya gare ta, ba rufi, tayoyinta a waje. A gasar Italiya kowa ƙirar Tatuus yake ja, injin Abarth, tayar Pirelli, don haka ba wanda zai ce ƙarfin inji aka fi shi. Na ɗaya a tsere yana samun maki 25, na biyu 18, na uku 15, wanda kuwa ya yi ganganci ya daki bango ya tashi a tutar babu. Wannan lissafi shi ke gyara yaro. Wanda ya ci sau ɗaya ya faɗi sau uku, mai zuwa na uku kullum ya wuce shi nesa. Dole ya koyi inda ake taka birki kafin kwana, da tattalin taya kada ta cinye tun tsere bai ƙare ba, da haƙurin bin na gaba har dama ta samu. Kuma kusan duk direbobin tsere a ƙananan motocin kat suka faro. Shahararren direban gasar Formula 1, Lewis Hamilton, yana ɗan shekara 8 ya fara tsere da su.

To a kwatanta da titi irin na Ƙofar Dawanau. Ga tireloli ɗauke da riɗi da wake sun nufi kasuwar Dawanau, ga Adaidaita Sahu na kutse, ga almajiri da kwanonsa zai tsallaka, ga mai talla da faranti a ka. Direban da mota ta ƙwace wa a nan, mutane ne za su tare ta. A filin tsere tsakuwa ake shimfiɗawa a bakin kwana don ta rage gudun motar da ta kauce, a jera tsofaffin tayoyi jikin katanga, motar asibiti na tsaye, direba na sanye da hular kwano da rigar da wuta ba ta saurin ci. Shi ya sa direban Formula 1, Romain Grosjean, ya fito da ransa a Bahrain a 2020, bayan motarsa ta rabe biyu ta kama da wuta.

Wani zai ce garin da ke fama da ruwan sha ina shi ina tseren mota. Gaskiya ne wasa ne na masu hannu da shuni, kuma rabon Afirka gaba ɗaya da Formula 1 tun 1993 a Kyalami ta Afirka ta Kudu. Amma ba Monza ake cewa a gina ba. Injin kat bai fi na babur ba, kuma kanikawa da masu walda na Ƙofar Ruwa sun fi ƙarfin gyaransa. Kuɗin ma bai kamata ya fito daga baitulmali ba: iyayen da ke iya sakar wa yaro makullin mota suna iya biyan kuɗin shiga. Masu tsoron kada a ƙara zuga yara kuwa, su tuna cewa Kano ta daɗe da warware irin wannan matsala da doki, ta ware masa Filin Sukuwa da filin folo maimakon a bar mahaya suna sukuwa cikin kasuwa. Kame kaɗai yana tarwatsa taro ne yau, ya koma wata unguwa gobe.

Abin da ya rage wa gwamnatin jiha shi ne ta ware fili a bayan gari, ta gindaya sharaɗin rajista da izinin iyaye da hular kwano. Daga nan duk wanda aka kama yana wasan mota a kan titi, a ƙwace lasisinsa, a gurfanar da shi, ko ɗan waye.