Launi da Mizaninsa a Shafin Intanet

Duk wanda ya lura da samarin Bauchi masu sana'ar tsara shafukan intanet, tun daga Shadawanka, inda barikin soja yake, har zuwa Yelwa da Gwallameji, inda ɗaliban jami'a da na kwalejin fasaha suka yawaita, zai tarar cewa saɓanin da ya fi aukuwa tsakaninsu da masu ba su aiki bai wuce na launi ba. Mai shago zai ce, "Ɗana, kore nake so," yaro ya amsa da "To, Alhaji," alhali kuwa ɗaya koren tuta yake nufi, ɗayan kuma tsanwar ɗanyen ganye ya hango.

Asalin al'amarin shi ne, allon waya da na kwamfuta da haske suke rini, suna gauraya ja da kore da shuɗi, kowannensu yana da daraja daga 0 zuwa 255, wanda idan aka yi hisabi zai ba da launi 16,777,216. Tun da yake babu harshen da ke da sunayen da za su wadaci wannan adadi, sai masana suka yi ittifaƙi a kan lamba. Kuma a shekarar 1996 kamfanonin HP da Microsoft suka fitar da ma'aunin sRGB, wanda shafuka suka dogara da shi har yau. Koren da aka saba sa wa tutar Nijeriya, alal misali, ana rubuta shi #008751, wato babu ja ko kaɗan, kore 135, shuɗi 81. Wanda ya rubuta wannan lamba a takardar yarjejeniya, ya nuna wa mai aiki a wayarsa ta kansa, ya rufe ƙofar jayayya.

Sai dai lamba kaɗai ba ta isa ba, domin shafin da aka tsara a inuwar ɗaki, a tsakar ranar watan Afrilu mai kashe ido za a buɗe shi, a bakin titi, a waya mai tsagaggen gilashi, sau da yawa kuma a hannun dattijon da ganinsa ya raunana. Saboda haka ƙungiyar W3C, a ƙa'idojinta na 2008, ta shardanta cewa bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da abin da ke bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1. Farin rubutu a kan koren tuta ya tsallake da kyar. Rawaya a kan fari kuwa ya faɗi warwas. Haka nan akwai bayin Allah, galibinsu maza, waɗanda ba sa rarrabe ja da kore, don haka wajibi ne a haɗa launi da kalma ko alama.

Nasiharmu ga ma'abota wannan sana'a ita ce su taƙaita a kan launi biyu ko uku, su adana lambobinsu, su auna bambancinsu, sa'an nan su fita rana su duba kafin su miƙa aiki. Gama haƙƙin mai karatu amana ce a wuyansu, ko da ba za su taɓa haɗuwa da shi ba.