Yadda ake ƙiyasta nauyin gora da karbon da take adanawa

0. Gabatarwa

Tun bayan yarjejeniyar Kiyoto ta 1997 da ta Paris ta 2015, karbon da tsirrai ke riƙewa ya zama abin ciniki: ana auna shi, ana yi masa kuɗi, ana biyan waɗanda suka shuka daji ko suka kiyaye shi. Gora tana cikin tsirran da aka sa wa ido saboda saurin girmanta. Sai dai littattafan da ke koyar da awon, irin jagoran da ƙungiyar INBAR mai mazauni a Bejin ta fitar a 2019, cikin harsunan Turai suke, alhali mai gonar da ake aunawa sau da yawa ba ya jin su. A wannan ƙasida za mu bayyana aikin daki-daki da Hausa, mu kuma ba da shawarar kalmomin da muke ganin sun dace da shi.

1. Wace gora?

Hausa tana da kalmomi biyu masu rubutu ɗaya: gora namiji, wanda ake zuba ruwa ko nono a ciki (goran ruwa), da gora tamace, wadda ake yin sanda da tsani da rufin ɗaki da ita (gorar rufi). Karin sauti da jinsi ne suka raba su. Ta biyun muke nufi.

Irin gora ya haura dubu a duniya. Wadda Hausawa suka saba da ita, masana tsirrai suna kiran ta Oxytenanthera abyssinica. Tana tsirowa daga Senegal har Habasha, inda take da dazuzzuka masu faɗi a yankin Benishangul-Gumuz, kusa da iyakar Sudan. Ita a dunƙule take fitowa, sanduna da yawa daga tushe ɗaya. Gorar moso ta ƙasar Sin kuwa, tushenta yaɗo yake yi a ƙarƙashin ƙasa, sandunan su fito a warwatse. Za mu kira kowane kara sanda, dunƙulen sanduna kuma gindi, kamar yadda manomi ke cewa gindin dawa.

2. Dalilin da ya sa awon itace ba ya yi wa gora

Gora dangin ciyawa ce, ƴar'uwar gero da dawa. Itace yana ƙara kauri kowace shekara. Sandar gora kuwa da kaurinta take fitowa daga ƙasa, ta cika tsawonta cikin ƴan watanni na damina guda. Daga nan ba ta ƙara kauri ko tsawo, sai dai jikinta ya yi ta tauri da nauyi a shekarun farko. Ke nan sanduna biyu masu kauri ɗaya suna iya bambanta a nauyi idan shekarunsu ba ɗaya ba ne. Bugu da ƙari, yawancin gora kogo ne a cikinta, amma ta Habasha cikinta a cike yake, ko kuma kogon ƙarami ne. Saboda haka lissafin da aka tsara don itace, ko don wata gorar dabam, ba ya ba da sakamako na gaskiya. Kowane iri da nasa lissafin.

3. Matakan awo

Abin da Faransanci ke kira biomasse mun fassara shi da busasshen nauyi, wato nauyin jikin tsiro bayan an fitar da ruwan da ke ciki. Ana samun sa ta matakai biyar.

Na farko, a keɓe filayen gwaji a wurare dabam-dabam na dajin, ba tare da zaɓen inda gora ta fi kyau ba.

Na biyu, a ƙirga gindi da sanduna, a auna kaurin kowace sanda a tsawon mita 1,30 daga ƙasa. Idan da igiyar awo aka zagaya sandar, sai a raba abin da aka samu da 3,14.

Na uku, a kasa sandunan bisa shekaru. Sabuwa tana sanye da rigarta, jikinta kore shar. Tsohuwa ta zubar da riga, launinta ya dushe, gansakuka ta hau ta.

Na huɗu, a sare ƴan sanduna daga kowane kashi, ƙanana da manya, a auna kara dabam, rassa dabam, ganye dabam. A ɗebi samfuri daga kowane, a busar a tanderun ɗakin gwaji har nauyinsa ya daina raguwa. Shanya a rana ba ta wadatarwa, domin akwai sauran ruwa.

Na biyar, daga sandunan da aka sare a fitar da ƙa'idar da ke haɗa kauri da nauyi: N = a × K^b, inda N ke nufin busasshen nauyi, K kauri, a da b kuma lambobi ne da awon ya bayar. Da wannan ƙa'ida ake ƙiyasta nauyin sauran sandunan ba tare da an sare su ba.

Tushe da saiwoyi su ma suna riƙe da kaso mai yawa na nauyin, amma sai an haƙa, an wanke, an busar. Wajibi ne kowane rahoto ya faɗa ko ya haɗa da su ko na saman ƙasa kawai ya auna.

4. Daga nauyi zuwa karbon

Ganye yana zuƙar iskar CO2 da taimakon hasken rana, tsiro ya gina jikinsa da karbon da ke cikinta. Kusan rabin busasshen nauyi karbon ne. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato GIEC, ya ba da 0,47 a jagoransa na 2006 don amfanin wanda bai yi nasa gwajin ba. Don mayar da karbon zuwa CO2 ana ninkawa da 3,67, wato 44 a raba da 12.

Ga misali da lambobin da muka ƙaddara don koyarwa kawai. Fili mai mita 20 a kowane gefe kashi ɗaya ne cikin 25 na hekta. A ce an ƙirga sanduna 300 a ciki, kowace da busasshen nauyi kilo 4 a tsakaice. Jimla kilo 1200 ke nan, wato tan 30 a hekta. Karbon ya kama tan 14,1, wanda ya yi daidai da kusan tan 52 na CO2. Da a ce ɗanyen nauyi aka ɗauka, da lambar ta kumbura da ruwa zalla.

5. Ajiya da ƙari

A nan ne kalma take iya jawo asara. Abin da ke cikin rumbu yau dabam yake da abin da ake zubawa a ciki kowace kaka. Haka karbon: akwai wanda dajin ke riƙe da shi a ranar awo, wanda muka kira ajiya, akwai kuma wanda ya ƙaru cikin shekara, wanda muka kira ƙari. Ƙari ba ya samuwa sai an auna fili ɗaya sau biyu, an cire awon farko daga na biyu.

Gora tana fitar da sababbin sanduna kowace damina, amma tsofaffi suna mutuwa, su ruɓe, karbonsu ya koma iska. A tsohon dajin da ba a sara, ajiya tana iya yawa alhali ƙari kaɗan ne. Sandar da aka sare aka yi rufi da ita tana riƙe karbonta muddin ɗakin na tsaye. Wadda aka ƙona ta sake shi nan take. Sannan gorar Habasha, kamar wasu ire-iren, takan yi fure gaba ɗaya bayan shekaru masu yawa, ta bushe, ajiyar ta faɗi har sai sabon tsiro ya taso.

6. Kammalawa

Idan aka fassara ajiya da ƙari da kalma ɗaya, kamar adanawa, manomi yana iya zaton za a biya shi tan 52 kowace shekara, alhali yarjejeniyar ƙari kawai take biya. Don haka muke ba da shawarar kalmomi biyar: sanda, gindi, busasshen nauyi, ajiya da ƙari. Muna roƙon ma'aikatan gandun daji da masu fassara su gwada su a bakin aiki, su sanar da mu inda manoma suka karɓe su da inda suka fi son wata kalmar.