Arahar Haya da Tsadar Hanya: Misali Daga Abuja

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce duba wani zaɓi da ke gaban ƙaramin ma'aikaci a manyan birane, wato ko ya kama gida mai tsada kusa da wurin aiki, ko mai araha a nesa.

Tun bayan da aka mayar da babban birnin tarayya daga Legas zuwa Abuja a 1991, hayar gida a unguwanni irin su Maitama da Asokoro da Wuse ta gagari mafi yawan ma'aikata. Saboda haka suka koma Nyanya da Kubwa, wasu har Mararraba ta Jihar Nasarawa ko Suleja ta Jihar Neja.

Sai dai Hausawa na cewa araha ba ta ado. Mu ɗauka mutum yana shafe awa uku kullum a hanya, zuwa da dawowa. A kwana biyar na aiki awa 15 ke nan. A mako 48 kuwa awa 720, wato daidai da ranakun aiki 90 masu awa takwas-takwas. Ga kuma kuɗin mota, wanda ya yi tashin gwauron zabi bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Abin lura shi ne, haya a dunƙule ake biyan ta, galibi ta shekara guda, shi ya sa ake jin zafinta. Kuɗin hanya kuwa kaɗan-kaɗan yake zurarewa ba a ankara ba. Don haka kafin mutum ya kama gida, ya kamata ya haɗa haya da kuɗin motar shekara, ya kuma yi wa lokacinsa farashi. Sa'an nan ne zai san gidan da ya fi araha.